Masarar da Baba Ya Ƙi Zubarwa

Shekara goma sha ɗaya Gu Meifen ta yi tana kula da fararen ɓeraye a wani ɗakin gwaje-gwaje a garin Nantong na ƙasar Sin. Aikin iri ɗaya ne kullum: ta wanke keji, ta auna abinci, ta raba. Wasu ɓerayen a ba su lafiyayyar masara, wasu a ba su wadda ta yi funfuna. Bayan 'yan watanni masu cin mai funfunar sai su rame, su lafe a lungun keji. Idan masana suka buɗe cikinsu, sai a ga hanta ta kumbura ta yi curi-curi.

Kowace Asabar takan je ƙauye duba mahaifinta, Gu Desheng, wanda ke zaune shi kaɗai. A-Fen yake kiranta tun tana ƙarama. Ƙauyen na bakin teku, danshi ba ya barin masara ta bushe da kyau. Wata rana ta tarar da shi yana wanke wata da ta yi kore-kore zai dama kunu.

"Baba, zubar da wannan. Irinta ce ke kashe ɓerayenmu."

Ya yi dariya. "To ni ɓera ne? Na wanke, zan kuma dafa."

"Wuta ba ta kashe gubar, Baba."

"A-Fen, a shekarun yunwa ɓawon itace muka ci. Yau kuma don kin sa farar riga za ki koya mini cin abinci?"

Sau ɗaya ta kwashe buhu ta kai bola. Tana juya baya ya ɗauko abinsa. Haka suka yi ta yi har ta gaji. Ga aiki, ga doguwar hanya, ga tsoho mai taurin kai. Daga baya idan ya miƙo mata kwanon kunu, sai kawai ta ce ta ƙoshi, ta bar shi ya sha.

Shekara shida ana haka, sai idanunsa suka yi rawaya, cikinsa ya fara kumburi. A asibiti likita ya ɗaga hoton hantarsa zai yi bayani. Meifen ta girgiza kai.

"Bar shi, likita. Na san wannan."

Ciwon daji ne, ya riga ya yi nisa. Wata uku tana jinyarsa, tana juya mutumin da a da yake ɗaukar buhu biyu a kafaɗa. Wata safiya ya ce mata a hankali, "Ashe da gaske kike, A-Fen."

"Ni ma na yi saurin yin shiru, Baba."

Bai ga girbin shekarar ba.

Bayan an binne shi, maƙwabciyarsa Goggo Shi ta leƙo, ta ce a ba ta sauran masarar kada ta lalace a banza. Meifen ta miƙe tsaye. Ta jawo buhunan zuwa bayan gida ta cinna musu wuta, ta tsaya a wurin har suka zama toka, tsohuwar na ta gunagunin 'ya'yan birni ba su san darajar abinci ba.

Mai karatu, hatsi ko gyaɗar da ta yi funfuna guba ce, wanki da dafuwa ba sa raba ta da ita. A shanya amfanin gona ya bushe sarai, a zubar da wanda ya lalace. Kuma idan ka san haɗarin, kada gajiya ta sa ka yi wa naka shiru.