Kwamfutar Bakin Gada

Tun da aka raba layin sadarwar Gangare da na Tsallake, kwamfuta ɗaya a bakin gada ke miƙa saƙonni tsakanin garuruwan biyu. Da ta fara nawa, aka kira Turai mai gyara.

Turai ta gano kwamfutar na tsayar da kowane saƙo ta tausasa lafazinsa, sai ta kashe wannan aikin. Nan take saƙon yayarta, mai sa mata albarka kullum, ya shigo: "Ke marowaciya, ina tukunyata?"

Baba Ɗanjuma maigadin gadar ya duba wayarsa, ya juyo ga Turai. "'Yata, surukina wai yana tafe da sanda."

Turai ta mayar da komai yadda yake. Wayar Baba ta sake ƙara, saƙon surukin ne: "Ga ni nan da tsaraba."

Baba ya sa wa ƙofar gadar sakata.