Taron Ƙarfe Goma Na Safe

Shekara ashirin da biyu Vernetta Gaines ta yi tana dafa abinci a firamaren unguwarsu ta baƙar fata, a hayin kogin Mississippi. Jikarta Keyonna tana aji uku, karatu na ba ta wuya. Ga jarrabawar ƙarshen shekara, wadda duk yaron da ya faɗi sai ya maimaita aji. Mai taimaka wa yarinyar da karatu ita ce Malama Odom, dattijuwar da ke zama da yara biyar-biyar bayan an tashi, suna bin layin rubutu da yatsa.

Sai wata gidauniya ta zo da niyyar alheri: a daidaita makarantun baƙaƙe da na farare. Aka kira taron iyaye ta imel, Laraba ƙarfe goma na safe, a tsallaken gada. Wa zai je? A wannan lokacin Vernetta na gaban tukunya, sauran iyaye na masana'antar yankan kaji. Mutum uku suka halarta, aka rubuta cewa al'umma ta amince.

Aka raba wa kowane yaro kwamfutar hannu. Hukumar makaranta ta ce tunda na'ura za ta koyar, ajin Malama Odom ya ƙare.

Gidan Vernetta babu intanet, kwamfutar kuwa sai da shi take aiki.

"Kaka, ta ƙi buɗewa," in ji Keyonna.

"Girgiza ta mana, ko barci take yi."

Yarinyar ta yi dariya. Bayan wata biyu ta daina dariya, ta daina taɓa littafi. Ranar da sakamako ya fito ta ɓuya a banɗaki, ƙawayenta sun wuce aji huɗu sun bar ta. Vernetta ta yi kuka kamar ita ce ta faɗi.

Da Misis Whitcomb, wakiliyar gidauniyar, ta zo ɗaukar hoto, Vernetta ta tare ta da ludayi a hannu.

"Baiwar Allah, wa kuka tambaya?"

"Ai mun kira taro, ba ku zo ba."

"Laraba da safe? Su wa za su ciyar da yara ɗari uku, ke? Da kun leƙo cocinmu ran Lahadi bayan an tashi, da kun same mu kaf, har ku ci soyayyen kifi. Da mun ce muku ku ƙaro mana Malama Odom guda biyu."

Matar ta sauke kyamara, idonta ya kawo ruwa. Ba muguwa ba ce, ba ta dai tambaya ba. Lahadin da ta biyo baya, ta zo cocin da littafin rubutu, ta zauna a bencin baya. Amma shekarar Keyonna ta riga ta tafi.

Masu karatu, in za ku taimaki mutane, ku same su inda suke, ku ji ta bakinsu. Taimakon da ba a yi shawara da mai shi ba, yaro ne ke ɗaukar asararsa.