Gashin Tantabara a Tafina

Ina shekara tara Kaka ta zo daga Damagaram, muka kai ta gidan tarihi a Lyon, birnin da muke zaune. Ta ƙi kallon gumakan Masar, amma wani zane ya tsayar da ita: sikeli, zuciyar mutum a gefe guda, gashin tsuntsu a ɗayan. Baba ya ce gashin Ma'at ne, gunkiyarsu ta gaskiya.

"Ashe su ma sun san da mizani," in ji ta.

Da muka fito ta tsinci gashin tantabara ta ɗora mini a tafi. "Angona, wa ya tsinka mini tasbaha?"

Kwana uku ƙanena ke shan faɗa a kanta. Na ce ni ne. Ta hure gashin, ta kama hannuna.

Har yau ban manta yadda ƙirjina ya yi sakayau ba.