Tayar Baya

Ranar da za mu biki Gummi daga Gwashi, tun safe Baba yake gyaran tsohon mashin ɗinsa a ƙofar gida. Ya ba taya iska, ya shafa yawu a bakin bawul, ya zuba ido ko zai yi kumfa.

Sai ga Kawu a kan sabon mashin, ko ledarsa ba a cire ba. A gaban maƙwabta na ce, "Ni na Kawu zan hau!"

Baba bai ɗago ba. Ya goge yatsa a wando, ya ce, "To, hau, ɗiyata. Dama sabuwar tayar a baya na sa ta, inda za ki zauna."

Kuma na hau na Kawun. Har yau in na ga ana shafa wa bawul yawu, ƙasa nake kallo.