Zakaran Al Wukair

Abokan ɗakinsa a unguwar Al Wukair da ke gefen Doha sun wasa wuƙa, sun ɗora ruwan zafi, sai ya ce ba mai taɓa zakaran da ya sayo.

"Haba malam, a Doha za ka yi kiwo? Ya hana mu barci fa!" in ji babbansu.

Sai ya ba su labari. A tsibirinsu na Tafkin Chadi, lokacin da 'yan bindiga ke farautar ƙauyukan masunta, cara kan tona asirin gari, domin ruwa na kai sauti nesa. Dattawa suka sa shi ya yanka zakarun tsibirin kaf. Shekara uku gari na wayewa shiru.

Ya karɓe wuƙar daga hannunsu, ya ce:

"Wannan kam ya yi cara son ransa. Kowa ya ji inda muke."