Bakin Sarkin Faransa

Wata la'asar a lakwal ɗinmu ta Tawa, malaminmu ya ɗaga littafin tarihi, ya nuna mana zanen wani tsohon sarkin Faransa. Gashinsa har kafaɗa, bakinsa a rufe gam.

"Mi ya hana shi murmushi?" ya tambaye mu.

Shi da kansa ya ba da amsa:

"Haƙoranshi sun zube. Mai zanen ya sani sarai, amma shina son ranshi."

Aji ya kwashe da dariya, ban da ni. Babana ne ke zana 'yan takara a allunan kasuwa, kuma da safen ranar na ga ya shafe wa wani daga cikinsu tsagar gidansu a zanen.

Yau shagonsa na zane yana hannuna, kuma na fi Baba iya shafewa.