Zomon Ɗakin Baba

Da Malama ta juya zomon, sai ta ga gashin dugadugansa ya zube, fatar ta yi jawur har ta fara tsagewa.

Zomon mahaifinta ne. Fari ne, ko kuwa toka-toka, oho dai. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta ɗauke wa Baba magana, kejin yake gefen gadonsa.

Ta yi duk abin da likitan dabbobi ya ce. Ta cire wayar ƙasan kejin, ta shimfiɗa tsohon bargo, da ya jiƙe ta canza. Ta yanke masa farce, ta rage masa abinci. Ita ba ta wasa da aiki. Kafin ta tafi makaranta ta shafa wa zomo maganinsa, ta ɗura wa Baba nasa, ta ɗaga shi ta juya shi tana cewa, "Haɗiye mana, Baba, na makara!"

Ciwon zomon ya ƙi warkewa.

"Ba shimfiɗa ba ce," in ji likitan. "Buga ƙafa yake yi, zomo kuwa ba ya buga ƙafa sai ya tsorata. Wa yake tsoro a gidan?"

Ba su da kyanwa, ba su da kare. Mutum ɗaya ke wuni a ɗakin, Iya, dattijuwar da ta ɗauko don jinya. Baba ba bakin kai ƙara. Ga shi ya rame, kuma duk sa'ad da ta dawo barci yake.

"Iya, me ke faruwa in na fita?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ni da tsohona sai hira."

"Hira da wanda ba ya magana?"

Iya ta ci gaba da gyara shimfiɗar Baba.

Washegari Malama ta fita, ta juyo daga bakin titi. Ta tuɓe takalma, ta laɓe a bayan labule. Zomo na miƙe a kan bargo. Iya na hura cokali tana tsokanar Baba, shi kuma yana dariya da rabin bakinsa, dariyar da Malama ta ɗauka ciwo ya tafi da ita.

Daɗi ya kama ta. Ta ɗaga labule ta ce, "Baba!"

Zomo ya zabura ya hau buga ƙafa, Baba kuwa ya yi maza ya rufe ido.